Kwanan Mota Da Tirela A Bakin Titi: Kira Ga Direbobi Da Hukumomin Ƙasar Gumel

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka taimaka ka ba ni fili domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya a nan ƙasar Gumel, wato yadda ake kwantar da motocin kaya da tirelarsu a ɗaure a bakin titi da cikin lunguna har gari ya waye. Ni dai manomi ne, ina kuma ɗan taɓa saye da sayarwar riɗi da zobo da hatsi, ban taɓa riƙe sitiyari ba. To amma wanda duk sana'arsa ta haɗa shi da bin kasuwanni, dole ya san halin mota, domin a bayanta muke hawa, kuma a gindinta muke kwana muna gadin kayanmu.

Malam Edita, motocin da nake nufi iri uku ne. Akwai a-kori-kura wadda ake ɗaura wa ƙaramar tirela mai taya biyu, irin wadda masu walda suke ƙerawa. Akwai tarakta da tirelarta, wadda take kwasar taki kafin damina, da kaka kuma ta kwaso amfanin gona. Sannan akwai manyan tireloli masu ɗaukar shanu da buhuna zuwa Kudu. Girmansu ya bambanta, amma matsalarsu ɗaya ce: gaba yana da fitila da birki da mai kula da shi, baya kuwa baƙin ƙarfe ne kawai a tsaye cikin duhu.

Dalilin da ya sa suke kwana

Kafin a ɗora wa direbobi laifi, ya kamata a yi musu adalci. Kowa ya san kasuwar Maigatari tana ci ne ranar Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, inda ake kawo raƙuma da shanu da tumaki da awaki da dawaki daga Jamhuriyar Nijar da sauran wurare. Mai son ya sami wuri tun ranar Laraba yake tasowa. Wanda ya gama lodi bayan magariba ranar Alhamis kuma, sau da yawa ba ya son ya kama hanyar Gujungu zuwa Kano cikin dare, sai ya nemi gari ya kwana. Wannan ba abin zargi ba ne, domin direban da ya gaji gara ya tsaya ya yi barci da a ce barcin ya ɗauke shi a kan sitiyari.

Ban da wannan kuma akwai tsadar mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai a-kori-kura ba ya iya komawa gida wayam ya dawo da safe, inda dare ya same shi nan yake kwana. Haka nan duk lokacin da aka rufe iyaka aka sake buɗewa, kamar yadda aka rufe a watan Agusta na 2019 aka buɗe ta Maigatari a Disamba na 2020, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka buɗe a Maris na 2024, harka takan tsaya cik ne sannan ta dawo da ƙarfinta, motoci su yi ta tururuwa. Garuruwanmu kuwa, daga Gumel da Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar da nan Ɗanzomo, yawancinsu an kafa su ne tun zamanin jaki da raƙumi, lungunansu ba na doguwar mota ba ne. Shi ya sa direba yake ganin bakin kwalta ya fi masa sauƙi.

A cire tirela ko a bar ta a ɗaure?

Wannan tambaya ana yawan gardama a kanta a teburin mai shayi. Wasu suna cewa barin tirela a ɗaure yana kashe sifirin ɗin mota, wasu suna cewa cire ta wahalar banza ce. Abin da na fahimta daga tsofaffin direbobi da makanikai shi ne, kwana ɗaya a ɗaure ba ya yi wa lafiyayyar mota komai, muddin ba a yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ba. Ga ƙaramar tirelar da aka yi wa lodi daidai, nauyin da yake sauka a kan ƙugiyar mota bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ba. Misali in ka ɗora buhu 20 masu kilo 100, wato tan 2 ke nan, abin da zai danne bayan motar kamar buhu 2 ne zuwa 3. Motar da ta ɗauki wannan tun safe tana tafe cikin ramuka, ba za ta gaza ɗaukarsa tana tsaye ba.

Hasali ma cire tirela mai kaya ya fi haɗari. Tirela mai taya biyu kamar sikeli take. In kayan sun fi yawa a baya, da an zare ƙusar da ta haɗa su sai bakinta ya yi sama da ƙarfi, yana iya fasa wa mutum haɓa, kayan kuma su zube. In sun fi yawa a gaba sai bakin ya faɗo ƙasa, ƙafar wanda ke kusa ta shiga uku. Ga shi kuma irin waɗannan ƙananan tireloli yawancinsu ba su da birkin kansu, da an raba su da mota babu abin da ke riƙe da su sai ikon Allah. Ta fuskar ɓarayi ma, tirelar da aka bari ita kaɗai ta fi sauƙin ɗauka, domin duk mai mota da ƙugiya yana iya zuwa ya ja ta ya yi gaba.

Saboda haka ni a ganina barin ta a ɗaure ba shi ne laifin ba. Inda gizo yake saƙar shi ne wurin da aka tsaya da kuma yadda aka bar motar.

Haɗarin da ke ciki

Na farko shi ne duhu. Direba zai saukar da kan motarsa daga kwalta, ya ga ai ya kauce, alhali kuwa wutsiyar tirelar tana nan ta cinye rabin hannun wasu. Ba danja, ba wani abu mai ƙyalli, ga ƙura ta rufe bodin ya zama kalar ƙasa. Ɗan acaɓan da ya taso daga ƙauye da asuba, ya ɗauko mutum biyu da akuya zai kai kasuwa, fitilarsa ba ta da ƙarfi, in kuma lokacin hunturu ne ga hazo, yaushe zai gan ta? Masu lissafi sun ce abin hawan da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan in bai hango tirelar ba sai da ya rage mita 20, kafin ƙafarsa ta kai kan birki ya riga ya isa. Kuma bodin babbar tirela daidai ƙirji ko kan mai babur yake. Allah ya kiyaye, amin.

Na biyu shi ne gangarawa. Mutane suna cewa ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina mota za ta gangara? To amma gefen titi a karkace ake yin sa domin ruwa ya wuce, kuma kusa da kwalbati ko kududdufi akwai gangare ko da ido bai gani ba. Birkin hannu na a-kori-kura tayun baya kaɗai yake riƙewa, kuma don nauyin motar aka yi shi, ban da tan 2 da aka ƙara mata a baya. Manyan motoci masu birkin iska kuma, iskar takan zurare cikin dare. Na zamani suna da abin da ke damƙe taya in iska ta ƙare, amma akwai tsofaffin bodi da ba su da shi, irin waɗannan in iska ta tafi birki ya tafi.

Na uku shi ne ƙasar kanta. Sunan jiharmu ma ya faɗa, jigawa ce, rairayi ne. Mota mai kaya in ta kwana a kan yashi, musamman da damina in an yi ruwa cikin dare, tayun gefe ɗaya suna iya nutsewa. Da safe a tarar ta karkace, in an yi rashin sa'a ta kwanta a kan katangar wani ko rumfar wani.

Na huɗu, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne yara. Tirela a tsaye wurin wasa ce a wajensu. Su hau ƙarfen da ya haɗa ta da mota suna lilo, su yi wasa da ƙusa, wani ma ya zare waji ya tafi da shi. Da zafi kuwa ƙarƙashin mota inuwa ce, da sanyi kuma mafaka ce. Almajirai da yaran mota, har da awaki, suna shiga su kwanta. Direban da ya tashi da duku-duku ya tayar da mota bai leƙa ba, yana iya jawo wa kansa abin da zai dame shi har ƙarshen ransa.

Na biyar shi ne toshe hanya. A-kori-kura da tirela in ta shiga lungu ta tsaya, ko amalanke ba ta wucewa. In mace ta tashi da naƙuda cikin dare, ko gobara ta tashi, sai an bi gida gida ana neman direba, shi kuwa yana can wani wuri yana barci da makulli a aljihu.

Akwai kuma maganar tankar mai. Ba mu manta da abin da ya faru a garin Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura ba a watan Oktoba na 2024, inda tanka ta faɗi cikin dare, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Waccan tankar tafiya take yi ta faɗi, ba kwana ta yi ba, amma ta nuna mana abin da ke cikin tanka. Bai kamata a bar irinta ta kwana a tsakiyar gari kusa da mai shayi da mai tsire da masu tuyar ƙosai ba.

Shawara ga direbobi

'Yan'uwana direbobi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In dare ya same ku, ga abin da nake roƙon ku.

Ku nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ku sauka daga kwalta gaba ɗaya. Bayan ka tsaya ka sauko da ƙafarka ka je ka duba wutsiyar tirelar, kada ka dogara da madubi. Ka miƙar da mota da tirela su zama a layi ɗaya, kuma ka fuskanci inda za ka fita da safe, domin ja da baya da tirela cikin duhu shi ne yake rushe katangar mutane. Kada ka tsaya a kan kwana, ko bakin gada, ko mararraba, ko ƙofar makaranta da asibiti.

Ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, sannan ka sa waji a tayun tirelar gaba da baya, ba a tayun mota kaɗai ba. Wajin katako ya fi dutse, domin dutse yana sulɓewa ko ya fashe, kuma ka san a yankinmu ma dutsen ba samuwa yake yi ba. Mai tarakta ya haɗa birkinsa biyu ya kulle su, in tirelar mai juye kaya ce kada ya bar ta a ɗage, domin man da ke riƙe da ita yana iya zurarewa ta sauko a kan wanda ke ƙasa.

In tirelarka tana da ƙafar tsayawa a gaba, ka sauke ta ta ɗan rage wa mota nauyi, amma ka sa mata faffaɗan katako a ƙasa don kada ta nutse a yashi. Ka ɗaura wani ƙyalle a sitiyari wanda zai tuna maka ka ɗage ta kafin ka tashi. Ƙusar haɗi kuma ka sa mata kwaɗo, ka zagaya sarƙa, wannan zai hana ɓarawo ya kuma hana yara. Wayar wutar da ta tafi tirela, in ka san haɗin gida ce, ka zare ta, domin irin wannan haɗin yakan shanye batir kafin safe. Amma fa kada ka manta ka mayar.

Sai maganar alama. Ganyen darbejiya da ake karyowa a zuba a titi, da rana yana ɗan amfani, da dare kuwa wa yake ganinsa? Tef mai ƙyalli ja da fari ko ja da rawaya, wanda ake mannawa a baya da gefen bodi, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, kuma ba ya cin batir, hasken fitilar mai zuwa shi yake mayar masa. Sai dai a riƙa goge shi, domin in ƙura ta rufe shi ya tashi daga aiki. A sa alamar nan mai kusurwa uku can nesa da bayan mota, ba a gindin taya ba. In kaya sun zarce bodi, kamar rodi ko katako ko kara, a ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensu. Duk waɗannan suna cikin dokar hanya, kuma rashin yin su laifi ne da ake cin tara a kansa.

Da safe kafin ka murza makulli, ka zagaya motar sau ɗaya. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Ka taɓa ƙusa da sarƙa, ka duba iskar taya, domin tayar da ke da ƙaramin huji a ƙarƙashin kaya kafin asuba ta kwanta. Ka kwashe wajinka. Don Allah kuma ka kwashe duwatsu da bulo da rassan da ka zuba a titi. Sau da yawa mota ta tafi tun asuba, amma abin da ta bari shi ne yake kayar da mai babur.

Mu ma masu kaya da namu

Malam Edita, mu 'yan kasuwa da manoma akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Mai kaya ne yake matsa wa direba ya ƙara buhu biyar a kan ƙa'ida don a rage kuɗin mota. Mai kaya ne yake cewa a tsaya a ƙofar gidansa ko ƙofar shagonsa don idonsa ya riƙa ganin kayan, ko da wurin bakin kwana ne. A wajen lodi kuma a lura, kaya masu nauyi su fi yawa a gaban tayun tirela kaɗan, kada a tara su a wutsiya. Masu dabbobi su ji tsoron Allah, dabbar da aka cusa a mota tun la'asar, in za a kwana a duba ta, wadda ta faɗi a tayar da ita kafin 'yan'uwanta su tattake ta, a kuma ba su ruwa in da hali. Asarar sa ɗaya ta fi kuɗin mai gadi na shekara. Masu amalanken shanu da ke tafiyar asuba su ma su manna abin ƙyalli a baya, domin su ma duhu ɗaya ne yake rufe su.

Kira ga hukuma

Duk wannan shawara ba za ta yi tasiri ba in babu wurin da direba zai shiga. Ba za ka ce wa mutum tashi daga nan ba, alhali ba ka nuna masa inda zai koma ba. An ƙirƙiro Jihar Jigawa tun ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma Allah ya hore mana fili. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da su keɓe fili a bakin kowane gari mai kasuwa domin kwanan motocin kaya. Ba sai an kashe miliyoyi ba. A zuba jar ƙasa a daddaɓe, a kewaye, a sa fitila mai aiki da hasken rana guda biyu ko uku, da famfo da makewayi da ɗan wurin salla, a ɗauki 'yan banga su yi gadi. Direba zai biya ɗan abin da ya sauƙaƙa da daɗin rai in ya san batirinsa da mansa da kayan mutane za su kwana lafiya. Masu shayi da masu abinci su ma sun sami kasuwa, ƙaramar hukuma ta sami kuɗin shiga. Ana karɓar kuɗin tikiti a kasuwanni kowane mako, ya kamata a ga wani abu daga ciki a ƙasa.

Mu dubi garuruwa irin su Tafa da Mararrabar Jos a Jihar Kaduna, yadda tireloli suka yi shekaru suna jeruwa a bakin babbar hanya har abin ya zame wa hukuma ciwon kai. Su ma da mota ɗaya da biyu aka fara. Tun namu bai kai haka ba ya kamata a tashi tsaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da ta riƙa shiga tashoshi da kasuwanni tana wayar da kan direbobi da harshen da suke ji, kada a tsaya ga tare hanya da rana kawai. Jama'a kuma su riƙe lambar hukumar ta gaggawa, wato 122. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin haya ta NARTO su sa doka a tsakaninsu, duk motar da ba ta da waji da tef mai ƙyalli da alama kada a ba ta lodi. Maganar 'yan yuniyon ta fi shiga kunnen direba fiye da ta kowa. Masu walda kuma kada su bari tirela ta fita daga hannunsu ba wurin danja, ba ƙafar tsayawa, ba sarƙa.

Haka nan ina roƙon iyayenmu sarakuna na Masarautar Gumel, hakimai da dagatai da masu unguwanni, su sa baki. Baƙon direba in ya shigo gari ba ya ƙin maganar mai unguwa. A nuna masa wurin tsayawa cikin mutunci, a kuma san inda zai kwana ko a karɓi lambar wayarsa saboda larurar dare. Limamai su yi tsokaci a kan haƙƙin hanya, domin kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce a addininmu, to ina ga wanda ya ajiye shi da hannunsa? Malaman allo da iyaye kuma su ja wa yara kunne game da kwanciya a ƙarƙashin mota.

Daga ƙarshe, Malam Edita, motocin nan su ne arzikinmu. Ba don su ba riɗinmu da zobonmu da dabbobinmu ba za su kai Kano da Legas ba, don haka ba korarsu muke nema a yi ba. Abin da muke so shi ne direba ya yi barcinsa cikin kwanciyar hankali, mai babur kuma ya isa kasuwa da ransa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mu daga haɗarin hanya, ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, amin.

Wassalam.

Daga wani manomi kuma ɗan kasuwa,
Ɗanzomo, Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar,
Jihar Jigawa.